Ɗaya Ya Yaba, Ɗaya Ya Kushe

Trevor Holdsworth bai so zuwa taron nan ba. Da Darren mutum ne mai jin "a'a", da a gida Trevor zai wuni ranar Asabar ɗin yana fama da famfon kicin. Amma Darren irin mutanen nan ne da in sun kama ka ba sa saki. Ya buga waya, ya sake bugawa, ya ce tun yana ɗan makaranta bai taɓa barin fitowar mujallar Tartsatsi ko ɗaya ta wuce shi ba, kuma yanzu ya kama zauren coci a Halifax don tsofaffin masu karatu su ga tsofaffin marubuta ido da ido. Trevor ya yi ta jera uzuri: gwiwa ce, ruwan sama ne, mota ce. Sai Darren ya ce, "Ai Malcolm ma zai zo, yallaɓai. Matarsa ta ce za ta kawo shi." Daga nan uzuri ya ƙare.

Tartsatsi mujallar wasannin kwamfuta ce, ta zamanin da kwamfutar gida ba ta fi littafi girma ba, ana jona ta da talabijin ɗin falo, wasan kuma a kaset yake zuwa. Ofishinta ɗaki biyu ne a saman shagon mai soya kifi da dankali, don haka duk takardar da ta sauko daga can sai ta yi ƙamshin mai. A nan Trevor ya haɗu da Malcolm Sugden, dukansu ba su daɗe da barin makaranta ba, gemu ma bai gama yanke shawarar fitowa ba. Editarsu, Misis Broadbent, ta lura tun da wuri cewa yaran nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da yawan sukarin shayi ne. Da wata ce da ta raba musu ɗaki. Ita kuwa sai ta ba su tafireta ɗaya da shafi ɗaya, ta sa wa shafin suna Ɗaya Ya Yaba, Ɗaya Ya Kushe.

Dokar shafin ba ta da yawa. A sa sabon wasa kowa ya buga. Ɗaya ya zauna ya rubuta ra'ayinsa, ya tashi, ɗayan ya zauna a kujerar da ɗuminta ya mayar da martani a ƙasa. Ba a gogewa, ba a taɓa na wani. A ƙarshe kowa ya ba da maki cikin goma. Malcolm harbi yake so, da gudu, da ƙara. Trevor kuwa ya fi son wasan da za a zauna a yi tagumi a kansa. Malcolm ya sa masa suna Kaka, saboda rigar ulu da mahaifiyarsa ta saƙa masa wadda ba ya rabo da ita. Trevor ya rama da Yatsa, wai duk ƙwaƙwalwar Malcolm ta tattara ta koma cikin yatsan da yake danna maɓallin harbi da shi. Yaran ƙasar suka rabu gida biyu, har akwai waɗanda suka rantse mutanen nan ba sa ga maciji da juna. Ba su san cewa gida ɗaya suke haya ba, ba su kuma san Trevor ne babban abokin ango ranar da Malcolm ya auri Lorraine ba.

Sai zamani ya juya. Aka daina sayen ƙananan kwamfutocin, aka daina sayen mujallar da ke magana a kansu, wata rana Misis Broadbent ta kulle ofis ta raba musu kaset-kaset a kwali. Malcolm ya koma Scarborough yana gyaran injinan wasa na bakin teku. Trevor ya samu aikin rubuta littafin bayanin injin wanki, rubutun da babu mai karantawa balle ya yi musu da shi. Daga ziyara aka koma waya, daga waya aka koma katin Kirsimeti. Da labari ya zo cewa Malcolm ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, Trevor ya ce mako mai zuwa zai je. Makon nan ya yi ta zuwa yana wucewa har aka kwashe shekaru. Ba rashin ƙauna ba ne, tsoro ne. Duk zamansu bai taɓa faɗa wa Malcolm magana ba tare da ya jira a ramo ta ba, kuma bai san me zai ce wa Malcolm ɗin da ba ya iya ramawa ba.

Ranar taron ana yayyafi kamar kullum. Zauren ya cika da maza masu sanƙo da tumbi, kowa rungume da tsohuwar mujalla a cikin leda kamar takardar gida. Wasu sun jawo 'ya'yansu, waɗanda suka jingina da bango suna latsa waya, suna haƙuri da iyayensu. A kusurwa wasu mata biyu na cocin suna zuba shayi mai kauri da biskit. Trevor bai kai tsakiyar zauren ba aka tare shi.

"Kaka! Na rantse Kaka ne! Ina rigar ulun?"

"Asu ya cinye," in ji Trevor.

"Ni fa ɗan ɓangaren Malcolm ne, yallaɓai, gaskiya ɗaya ce. Amma sa min hannu haka nan."

"Kawo. Ai an gani a fuskarka."

Yana cikin sa hannu yana dariya sai ya hangi Lorraine tana turo keke daga ƙofar gefe. Malcolm da ya sani ƙato ne mai cika ƙofa. Wannan kuwa ya zube a cikin kujera, hannun dama a naɗe kan cinya, gefen baki ya karkace, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Sumar ce kaɗai ba ta canja ba, tana nan a tsaye kamar wanda ya tashi daga barci yanzu.

"Trevor Holdsworth," in ji Lorraine. "Ashe kana raye."

"Lorraine. Ba ki canja ba."

"Kai ka canja. Ina ka kai gashin?"

Trevor ya durƙusa a gaban keken, gwiwarsa tana ƙara, ya kama hannun Malcolm na hagu da hannu biyu. Ya ɗaga murya, yana rarraba kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Malcolm. Sannu. Yaya jikin? Ka gane ni? Ni ne. Trevor."

Malcolm ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya zare hannunsa a hankali ya juya fuska wajen masu shayi.

"Kai ma?" in ji Lorraine.

"Ni ma me?"

"Muryar asibiti. Kowa da ita yake zuwa. Kunnensa lafiya lau, kansa lafiya lau, bakin ne kawai ya ƙi. Bari in samo masa shayi."

Ta tafi ta bar su. Trevor ya ji kunya ta rufe shi. Ya sassauta murya ya yi maganar hanya, da ruwan sama, da yadda Halifax ta canja. Malcolm bai ko waiwayo ba. Mutane suka riƙa zuwa, su tsaya daga nesa kaɗan, su sunkuyar da kai gefe cikin tausayi, su tambayi Trevor ta saman kan mutumin, "Yana iya sa hannu kuwa?" Wani ma har ya shafa masa kafaɗa ya ce, "Jarumi ne, jarumi." A zuciyarsa Trevor ya ce shi ke nan, ya zo ya gani, abokin nasa ya riga ya tafi, gangar jiki ce aka kawo taro.

Da aka gama shayi Darren ya hau da Trevor da Malcolm kan dandamali. Shi ma sanƙon ne da shi, amma murna ta mayar da shi yaro. A kan tebur ya ajiye 'yar baƙar kwamfuta mai madannan roba, da tsohon talabijin mai ƙaton baya, da rikoda. Ya ɗaga wani kaset sama kamar kofin ƙwallo.

"Jama'a, wa ya tuna Mai Madara a Wata?"

Zauren ya ɗauki ihu. Darren ya sa kaset ya danna, sai ƙarar nan ta fito, tsuwa da ƙugi da kururuwa, layuka masu launi suna rawa a gefen allon. Nan take kowa ya yi tsit. Babu wanda ya ce a yi shiru, jiki ne ya tuna. Ba a motsi lokacin da wasa yake shiga, ba a taɓa tebur, ba a ko tari mai ƙarfi. Manya-manyan mutane masu jikoki suka riƙe numfashi. Trevor ya lumshe ido, sai ga ofishin nan gaba ɗaya: hitar ɗumama ɗaki mai wari, tagar da ba ta rufuwa, Misis Broadbent tana kiran sunansu daga ɗaya ɗakin, Malcolm ya ɗora ƙafa kan tebur yana cin dankalin wani. Kewar wurin ta kama shi. A lokacin gani suke aiki ne kawai kafin a samu na gaske.

Ana dab da gamawa sai ƙarar ta yanke, allon ya yi fari. Wasan ya ƙi shiga. Ka zaci za a yi tsaki. Ina! Tafi aka ɓarke da shi, har da masu buga ƙafa, kowa yana ba da shawara.

"Rage murya!"

"Ƙara dai!"

"Juya kaset ɗin, akwai shi a bayansa!"

"Wani ne ya yi numfashi, a fitar da shi!"

Darren ya mayar da kaset baya ya murɗa abin murya kaɗan, aka sake zaman jira. Wannan karon ya shiga. Ga ɗan mutumin nan mai farar hula yana tsalle a duniyar wata da kwalaben madara, yana jifan karnukan wurin da murfin kwalba, wata 'yar waƙa mai tsini tana ta maimaita kanta. Darren ya buɗe tsohuwar mujalla ya karanta.

"Ga abin da yallaɓai Trevor ya rubuta: 'Na fi jin daɗin jiran wasan nan ya shiga a kan wasan kansa. Maki biyu.' Ga na yallaɓai Malcolm: 'Kaka ya kasa wuce ƙofar farko, shi ya sa yake ƙunƙuni. A kai masa shayi da bargo. Maki goma.'"

Aka yi dariya, amma ta mutu da wuri, don kowa ya ga wanda bargon yake kan gwiwarsa yanzu. Darren ya yi gyaran murya ya miƙa wa Trevor abin magana.

"To, yallaɓai, bayan duk shekarun nan, maki nawa?"

Trevor ya dubi Malcolm. Ya ga bai kawo masa komai ba tsawon ciwon nan, ko ƙafarsa bai kawo ba. Ya ga ga wata 'yar kyauta da zai iya bayarwa a gaban jama'a.

"Gaskiya," ya ce a hankali, "Malcolm ne ya yi daidai. Wasa ne mai kyau, ni ne ban gane ba a lokacin. Shi kullum ya fi ni ido. Na ba shi goma."

Aka yi tafi mai taushi, irin na coci. Wata mata ta ce, "Ayya." Sai aka ji bam! Malcolm ne ya doki hannun kekensa da tafin hagu. Ya sake dokawa. Fuskarsa ta yi jawur, jijiyar wuyansa ta tashi.

"A'a," ya ce. "A'a."

Darren ya rikice. "Lafiya? A kawo ruwa? Madam, ko a sauko da shi?"

Lorraine ta fara miƙewa daga layin gaba, ta dubi mijinta da kyau, sai ta koma ta zauna ta harɗe hannu. Malcolm ya kafe Trevor da ido. Bakinsa yana kokawa da wata kalma, tana zuwa tana kuɓucewa, yawu ya taru a gefen leɓensa. Zauren ya yi shiru kamar ana jiran kaset.

"Ƙar..." Ya ja numfashi. "Ƙarya!"

Trevor ya san kallon nan. Shi ne kallon da Malcolm yake masa in ya tashi daga kan tafireta ya tsaya a gefe, hannu a aljihu, yana jira ya ga da me za a ramo. Ashe mutumin yana nan daram a ciki. Shekaru ana lallaɓa shi, ana yarda da duk abin da bai ma faɗa ba, ya yi ta jiran mutum ɗaya da ya tabbata ba zai raga masa ba, shi kuma Trevor ya zo ya raga. Trevor ya ji haushin kansa, ya ji haushin mai cewa "ayya", sai haushin ya buɗe masa baki.

"To, tunda ka nema. Wasan nan shara ne, Yatsa. Da shara ne, yanzu tsohuwar shara ce. Dubi yadda ɗan banzan nan yake tsalle, sai ka danna ka je ka dafa shayi ka dawo kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Waƙar kuwa kamar an take wutsiyar kyanwa. Biyun da na ba shi, don ina yaro ne mai tausayi. Yau ɗaya zan ba shi, ɗayan ma na kaset ɗin ne, don ana iya naɗar wani abu mai amfani a kai."

Rabin zauren ya yi ihu, rabi ya yi "buu". Malcolm ya ɗaga hannun hagu ya ware yatsu biyar a fuskar Trevor, ya dunƙule, ya sake warewa.

"Go... goma."

"Goma a gidan wa? Hannu ɗaya gare ka yanzu, mutumina, biyar kaɗai ka isa bayarwa."

Zauren ya ɗauke wuta. Darren ya buɗe baki ya kasa rufewa. Trevor kansa ya ce a ransa yau ya wuce gona da iri. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Malcolm, kamar tsohuwar mota tana neman tashi. Kafaɗarsa ta hagu ta fara girgiza. Dariya ce, da rabin fuska, amma duk jikinsa yake yinta, har bargon ya zame ya faɗi. Lorraine ta toshe baki da hannu biyu, hawaye yana bin yatsunta, ita ma dariyar take.

"Ka... ka," in ji Malcolm, yana nuna allon da haɓa. "Ƙofa."

"Me ya ce?" in ji Darren.

"Cewa yake har yau ba zan iya wuce ƙofar farko ba. Miƙo sandar nan, yaro."

Darren, yaron da ya haura hamsin, ya miƙo sandar wasan. Trevor ya dafe ta kan hannun keken yana tuƙa ɗan mutumin, Malcolm ya ɗora babban yatsansa na hagu kan maɓallin harbi. Ba su yi nisa ba Trevor ya tuƙa su cikin rami. Suka sake, ya kai su bakin kare. Malcolm yana gurnani yana dukansa da gwiwar hannu, Trevor yana cewa laifin mai harbi ne, 'yan kallo kowa ya koma ɓangarensa na da yana zagin ɗaya ɓangaren. Ba su wuce ƙofar farko ba har masu shayi suka fara naɗe kujeru.

A wajen ajiye motoci yayyafin bai tsaya ba. Trevor ya taya Lorraine ɗaga Malcolm zuwa kujerar gaba, ya yi mamakin rashin nauyinsa. Ya naɗe keken ya sa a but ɗin motar. Da ya dawo zai yi sallama, yana shirya wata baƙar magana ta bankwana, sai Malcolm ya cafke hannun rigarsa. Bakin ya sake shiga kokawa. Wannan karon ta fi tsawo.

"Yi sauri mana," in ji Trevor. "Jiƙewa nake, ba kwana zan yi a nan ba."

Malcolm bai yi dariya ba. Ya ƙara damƙe rigar.

"Ka... makara."

Trevor ya san wannan ba abar ramawa ba ce. Ba maganar shafin mujalla ba ce. Ruwa yana gangaro masa ta sanƙo yana shiga ido, ya bar shi.

"Na sani," ya ce. "Na sani, Malcolm."

Hannun bai saki ba. Lorraine ta tsaya tana kallonsu ta saman motar, makulli a hannu. Can sai ta zagayo ta buɗe ƙofar baya, ta kwashe jaka da lema da ke kan kujera ta tura su gefe. Scarborough ba nan kusa ba ce, kuma motar Trevor tana can ƙarshen layi.

"Sake ni, sakarai," in ji Trevor. "Ta yaya zan shiga kana riƙe da ni?"

Sai da Malcolm ya ji ƙofar baya ta rufe sannan ya jingina kansa da kujera.